Defend: ma'anoninta, yadda take zama a jimla, da inda ta rabu da protect

Wani ɗalibi daga Tudun Wada a Gombe, mai shirin rubuta WAEC, ya aiko da tambaya. Ya ce ƙamus ya nuna masa defend na nufin kare, protect ma kare, guard kuma tsare ko kare. Amma da ya rubuta "This umbrella will defend you from the rain", sai malaminsa ya ja masa jan biro a ƙarƙashin kalmar. Yana so ya san laifin jimlar, da kuma wuraren da defend ta dace.

Ɗan'uwa, malaminka ya yi daidai, ƙamus ɗin ma bai yi maka ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne "kare" ta Hausa tana da faɗi sosai. Lema na kare mutum daga ruwa, soja na kare ƙasa, lauya na kare wanda ake tuhuma, wanda ya tsaya a bakin taga kuma ya kare wa mutane haske. Bature bai tara waɗannan a kalma ɗaya ba. Na farko protect ne, na biyu da na uku defend, na huɗu block. Don haka duk lokacin da za ka sa defend, fara tambayar kanka: wa ya kawo hari? Idan babu wanda ya kawo farmaki, ko da makami ko da baki ko da takardar ƙara ko da ƙwallo, to ba wurin defend ba ne. Ruwan sama ba abokin gaba ba ne, lema kuma ba faɗa take yi da shi ba, shiga tsakani kawai ta yi. Jimlarka za ta gyaru idan ka ce "This umbrella will protect you from the rain."

Asalin kalmar defend ma yana nuna haka. Daga Latin ta fito, defendere, wato a buge abu a kawar da shi. Ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila. Daga ita aka gutsuro fend, kamar a "fend off", wato a tare abu a kore shi, daga defence kuma aka gutsuro fence, shinge. A Faransanci har yau défendre tana ɗauke da ma'anar hanawa, shi ya sa mai zuwa Nijar ko Kamaru zai ga an rubuta "défense de fumer" a bango, wato an hana shan taba. Ingilishi ya taɓa amfani da wannan ma'ana amma ta mutu, kada ka ɗauko ta.

Ɗauki garin Bauchi na da, wanda Sarki Yakubu na Ɗaya ya kafa a 1809 aka kewaye shi da ganuwa. A zaman lafiya ganuwar tana nan tana ba da kariya, "The wall protected the town." Masu tsaron Ƙofar Wunti ko Ƙofar Ran suna zaune suna lura da mai shiga da mai fita, "They guarded the gate." Ranar da mahara suka iso, dakaru suka hau ganuwa da kwari da baka, sai a ce "They defended the town." A littattafan tarihi za ka iya ganin "a town defended by high walls", kuma daidai ne, domin don abokan gaba aka gina ganuwar. Sharaɗin dai bai canja ba, sai da mai hari. Guard kuma tana da wata fuska da sauran biyun ba su da ita: ana yin ta a kan fursuna don kada ya gudu. "Two policemen guarded the suspect" na nufin sun tsare shi. Idan ka sauya ta da defended, ka ce ke nan wasu sun zo dukansa 'yan sandan suka tare masa.

Protect ta fi defend faɗi. Kusan duk inda defend ta yaƙi ta shiga, protect ma za ta iya shiga, amma ba a juya maganar. Gidan sauro, rigar sanyi, hular kwano ta ɗan acaɓa, takalmin roba na manomi, allurar rigakafi, duk protect suke yi. Abin da zai iya ruɗa ka shi ne a littafin kimiyyar halittu za ka ga "White blood cells defend the body against infection." An yarda da wannan ne saboda ƙwayoyin cuta shigowa jiki suke yi kamar mahara, fararen ƙwayoyin jini kuma far musu suke yi su kashe su.

Akwai abu guda da nake so ka riƙe da kyau, domin ɗalibai na faɗuwa a kansa a tambayoyin fahimtar rubutu: defend ba ta faɗin wanda ya yi nasara. A 1903 mutanen Burmi, a ƙasar da take cikin Jihar Gombe yanzu, sun tare sojojin Birtaniya a watan Mayu suka mayar da su baya. A watan Yuli Turawan suka dawo da ƙarfi, garin ya faɗi, a nan ne Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasa ransa. Duka karon biyu za a ce "The people of Burmi defended their town against the British." Wanda yake so ya bambanta sai ya ƙara kalma: "successfully defended" a karon farko, ko ya ce "repelled the attack". A karo na biyu kuma "defended it bravely but lost", ko "died defending it". Bahaushe in ya ji "ya kare garinsa" yakan ɗauka garin ya tsira. Bature in ya ji defended jira yake ya ji yadda aka ƙare.

Yanzu ga yadda ake jera ta. Yawanci aikatau ce mai son karɓau, wato wanda ko abin da aikin ya faɗa a kansa, kuma karɓau ɗin yana biyo ta kai tsaye, ba wata kalma a tsakani: "defend the village", "defend your brother". Kuskuren da aka fi yi shi ne "He defended for me", saboda Hausa na cewa ya tsaya mini, ya tare mini. Cire for ɗin, ka ce "He defended me." Bayan karɓau ne ake kawo mai harin da against ko from. Dukansu daidai ne, against ta fi yawa. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, sashe na 217, ya ce aikin sojoji ya haɗa da "defending Nigeria from external aggression", ka ga from ma tana da gindin zama. Sai dai idan ba ka ambaci abin da ake karewa ba, against kaɗai ke aiki: "We must defend against further attacks." Makamin da aka yi amfani da shi kuma with ke kawo shi: "He defended himself against the robbers with a stick."

Lura da himself ɗin nan. Hausa na cewa ya kare kansa, ta kare kanta, Ingilishi kuma myself, yourself, himself, herself, ourselves, themselves. Ba a barin sa. "She defended" ita kaɗai, in ba a filin wasa ko kotu ba, jimla ce da aka yanke wa wutsiya. "He defended him" kuma mutum biyu ne, wani ya kare wani. "He defended his head" kuwa ƙoƙon kai ne kawai Bature zai fahimta.

Ma'ana ta biyu, wadda ta fi fitowa a jarida, ita ce kariya da baki. An soki mutum ko matakin da ya ɗauka, sai shi ko wani ya fito ya kawo hujja. "The governor defended his decision to close the schools." A nan ma akwai hari, suka ce. Idan babu wanda ya soki matakin, explain ko announce za ka ce. Abin da zai biyo bayan defend a nan suna ne, ko aikatau mai ing: "She defended raising the fees", "He defended the commissioner for speaking out". Ba a cewa "He defended to raise the fees", ba a kuma cewa "He defended that he was innocent". Wannan ta biyun tana yawa a rubutun ɗalibai. Gyaranta shi ne "He insisted that he was innocent" ko "He maintained that he was innocent". Za ka ga to bayan defend ne kawai idan wani suna ya shiga tsakani, kamar "defend his right to speak", kuma a nan to ɗin na right ne.

Kalmomin da ke maƙwabtaka da ita a wannan fage suna da bambanci. Support goyon baya ne, ko da ba a soki kowa ba. Justify nuna cewa abu daidai ne, kuma takan nuna hujjar ta karɓu. "Stand up for" da "stick up for" su ne na hira, kamar yadda za mu ce ya shigar masa faɗa. Idan kuma kana nufin ɗaure wa mai laifi gindi, defend ba ta isar da zargin ba. "Cover up for" ko shield ne za su isar. Alƙawarin ƙasa da kuke karantawa a layin safe, wanda Farfesa Felicia Adedoyin ta rubuta a 1976, ya jera defend da uphold: "to defend her unity, and uphold her honour and glory". Haɗin kai ana kare shi daga masu son raba shi, martaba kuma ɗaukaka ta ake yi a riƙe. Rantsuwar da shugaban ƙasa da gwamnoni ke yi ta jera uku, "preserve, protect and defend the Constitution": a adana shi yadda yake, a tsare shi daga lahani, a tashi tsaye in an kawo masa hari.

A kotu kalmar ta zama ta sana'a, kuma jarrabawa na son tambaya a kanta. Lauya yana defend ɗin wanda ake tuhuma, kishiyarta a nan prosecute ce. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin "defend himself in person or by legal practitioners of his own choice", wato ya kare kansa da bakinsa ko ya ɗauki lauyan da yake so. Wanda ake ƙara shi ne defendant. Lauyansa defence counsel, ɓangarensu gaba ɗaya the defence. Mai ƙara a shari'ar da ba ta laifi ba plaintiff ne ko claimant, a shari'ar laifi kuma the prosecution ke gabatar da ƙara. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta koma kiran wanda ake tuhuma defendant a maimakon accused, shi ya sa kake ganin kalmar a rahoton shari'ar laifi ma. Kada ka haɗa defendant da defender. Na farko shi ake ƙara, na biyu shi ke kare wani ko wani abu, kamar "human rights defender". Lauya kuma yana iya defend ɗin ƙarar kanta, "defend the suit", wato ya ƙi amincewa da da'awar ya kawo amsa. Amsar da ake rubutawa ita ce statement of defence. Wanda ake bi bashi a ƙarƙashin tsarin undefended list, wato jerin ƙararrakin da ake ganin wanda ake ƙara ba shi da hujjar kare kansa, dole ya shigar da "notice of intention to defend", in ba haka ba kotu na iya yanke hukunci ba tare da ta saurare shi ba. Kare kai daga wanda ya far maka self-defence ne, ana cewa "He acted in self-defence", da in, ba for ba. Dokar Penal Code ta Arewa kuwa "private defence" take kiransa.

A filin ƙwallo ne defend ke tsayawa ita kaɗai ba karɓau. In Wikki Tourists ta je wasa waje aka matsa mata, mai sharhi zai ce "Wikki defended well in the second half." 'Yan baya su ne defenders, layinsu the defence. Mai tsaron raga goalkeeper ne, ba a kiransa defender ko da yake shi ma tsaro yake yi. Ana cewa "defend a corner", wato a tare bugun kusurwa, da "defend a lead", wato a riƙe ƙwallon da aka ci kada a farke. Kula da waɗannan biyun: a na farko karɓau ɗin shi ne harin, a na biyu shi ne abin da ake karewa. Wannan sassauci na yaren wasa ne. Kada ka kai shi wani wuri ka rubuta "The soldiers defended the attack", domin ka ce ke nan sojojin sun fito suna kawo hujjar cewa harin daidai ne.

Sai kare kambu, "defend a title". Mai riƙe da kofi in ya sake shiga gasar shi ne defending champion. Abin da na faɗa game da Burmi yana aiki a nan ma. Enyimba ta Aba ta ci kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka a 2003 ta sake ci a 2004, sai a ce "successfully defended" ko retained. Faransa ta je gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar a matsayin defending champions, Ajantina ta doke ta a wasan ƙarshe, "failed to retain the title". Super Eagles ta ci kofin Afirka a 2013 a ƙarƙashin Stephen Keshi amma ba ta samu gurbin zuwa na 2015 ba, sai a ce "They did not get the chance to defend their title." 'Yan siyasa ma sun ari salon: ɗan majalisa mai neman komawa kujerarsa "is defending his seat".

A jami'a, ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ko na Jami'ar Jihar Gombe da ya gama rubuta kundinsa zai tsaya gaban malamai su yi masa tambayoyi. Aikatau ɗin defend ne, sunan taron defence. Ana cewa "I will defend my project on Monday" ko "My project defence is on Monday". "I will defence my project" kuskure ne, "I have defend on Monday" ma haka, kuma dukansu sun cika baki a makarantunmu. A Ingila viva aka fi kiran wannan zama. Haka kwamishina ke zuwa gaban majalisar dokoki ya yi "budget defence", kare kasafin kuɗi, wanda salo ne da ya kafu a Ingilishin Najeriya. Akwai kuma "He cannot defend his certificate", wato iliminsa bai kai takardarsa ba. Kowa a nan ya gane, amma ban ba ka shawarar sa ta a rubutun jarrabawa ko wasiƙar da za ta fita waje ba. Ka ce "His knowledge does not match his qualification."

Rubutun suna yana da tarko. Ingila da Najeriya da c suke rubutawa, defence, kamar Ministry of Defence da Nigerian Defence Academy ta Kaduna wadda aka kafa a 1964. Amurka da s, defense. Wayarka ko kwamfutarka in an saita ta a Ingilishin Amurka za ta ja layi a ƙarƙashin defence, ba kuskure ka yi ba. Ka tsaya kan c tun daga farkon rubutu har ƙarshe. Amma defensive da defensible da indefensible da s ake rubuta su ko'ina, defenceless kuma tana bin uwarta. Defensive tana da ma'ana biyu: ta kariya, kamar "defensive midfielder", da ta tsarguwa. "Don't be defensive" na nufin kada ka ɗauki kowace tambaya kamar zargi. Ka kuma kula da "tsaro". Ministan tsaro Minister of Defence ne, amma jami'an tsaro security agents ne, matsalar tsaro insecurity ce, mai gadin banki security guard ne. Defence ta fi karkata ga soja da harin waje. In an tambaye ka kishiyar defend, attack ce. Offend 'yar uwarta ce ta asali, amma yau ma'anarta ɓata wa mutum rai ko saɓa doka.

Abin da ya fi damuna a wajen masu jin Hausa shi ne furuci, domin yana gangarowa cikin rubutu. Harafin f na Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, wasu ma su mai da shi p ko h, shi ya sa defend da depend ke fitowa iri ɗaya a bakinmu. Sai ka ga an rubuta "It defends on you" ko "The army will depend the country". Depend dogaro ne, kuma on ke bin ta. Defend ba ta taɓa ɗaukar on. Gyaran a baki yake: don f ta Ingilishi, ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa ka huro iska, za ka iya jan sautin muddin numfashinka. Don p, rufe leɓɓa biyu ka sake su lokaci ɗaya, ba ta januwa. Tsaya gaban madubi ka riƙa faɗin su bi da bi. In ba ka ga haƙoranka a kan leɓe ba lokacin faɗin defend, to depend ka faɗa.

Ƙarfin murya a gaɓa ta biyu yake, di-FEND, haka ma di-FENCE, di-FEN-dant, di-FEN-sive. Ɓangaren furuci na WAEC yana tambayar wannan. DI-fens da kake ji a bakin masu sharhin wasan kwando na Amurka yaren filinsu ne, kada ka bi shi a jarrabawa. Defended gaɓa uku ce, di-FEN-did, saboda duk aikatau da ya ƙare da sautin d ko t, ed ɗinsa gaɓa ce mai zaman kanta, kamar wanted da needed. Kada ka haɗiye d ta ƙarshe ka ce difen, kada kuma ka ƙara mata wasali ka ce difendi. Defends tana ƙarewa da sautin z bayan d, defence kuma da s ba d. Wanda bai raba su a baki ba shi ne ke rubuta "He defence his brother" a maimakon "He defends his brother".